Allon jagora: dabarar da ke sa injin zarto ya yanka da'ira tsaf ba tare da ɓarnar katako ba

Duk mai yawan kallon bidiyon 'yan kasuwa a TikTok ko Instagram ya saba ganin wani faifan katako mai zagaye yana juyawa a hankali, an ɗora masa turare, takalmi ko wayar da ake tallatawa. Haka ma ƙananan tebura masu zagaye, agogon bango na katako da farantin ɗora kek. Abin da ya haɗa su duka shi ne da'ira, kuma da'ira na cikin abubuwan da suka fi ba kafinta wahala. Ido na iya yafe wa layi madaidaici idan ya ɗan karkace, amma faifan da ke juyawa a gaban kyamara ba ya ɓoye aibi: ko milimita biyu ya fita daga layi, sai a ga gefensa yana rawa.

Masu aikin katako sun daɗe da samun mafita, kuma ba wata na'ura ce mai tsada ba. Guntun filawud ne, da siririn katako, da ƙusa ɗaya. Da su ake haɗa allon jagora, wanda ake ɗorawa a kan injin zarton nan mai kama da bel, da Turawa ke kira bandsaw.

Wane irin inji ne wannan?

Ruwan zartonsa dogon ƙarfe ne siriri mai haƙora, wanda aka haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara. Yana zagaye wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma a daidai teburin inji kullum ƙasa yake gangarawa. Wannan ya sa yake danne katako a kan tebur maimakon ya cillo shi ga mai aiki, kuma sirantakarsa ta sa yake iya bin kwana.

Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, shi ya fara samun haƙƙin mallakar ƙirarsa a 1809, amma injin bai karɓu ba saboda mahaɗar ruwan zarton tana yawan tsinkewa. Sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crépin, ta fito da hanyar walda da ke jure lanƙwasawar da ruwan yake yi a kan wili. Daga nan ne injin ya bazu a masana'antu. A yau ana samun manyansa a kasuwannin katako irin ta Na'ibawa a Kano, ƙananansa kuma a shagunan masu haɗa kayan ɗaki. Wanda bai mallaki nasa ba zai iya haɗa allon a gida, ya auna shi da injin da zai yi haya.

Yadda dabarar take

Wanda ya yi amfani da kamfas a makaranta ya riga ya san rabin labarin. A kamfas, allura tana tsaye, fensir yana zagayawa. A nan kuma an juya abin: ruwan zarto ne a tsaye wuri ɗaya, katakon ne yake juyawa a kan ƙusa. Tunda tazarar da ke tsakanin ƙusa da zarto ba ta canzawa, dole abin da zai fito ya zama cikakkiyar da'ira. Wannan tazarar ita ce rabin faɗin da'irar. Mai son faifai mai faɗin santimita 30 sai ya kafa ƙusa santimita 15 daga zarto.

Haɗa allon

Ana buƙatar filawud mai kaurin milimita 18 wanda bai lanƙwashe ba, girmansa ya rufe teburin inji, ya kuma ɗan zarce ta hannun dama. Yawancin injuna suna da wani rami mai tsawo a kan tebur, wanda faɗinsa a manyan injuna yakan kai kusan milimita 19. A fere siririn katako mai ƙarfi da zai shiga ramin daidai, yana zamewa gaba da baya amma ba ya girgiza, a manne shi a ƙasan allon da gam da sukuru. Shi ne zai riƙa jan allon a kan layi ɗaya kowane lokaci.

Sai a kunna inji, a tura allon cikin zarto a hankali har tsagar ta kai kusan tsakiyarsa, a kashe. Ba tare da an motsa allon ba, a ɗaura wani guntun katako a ƙasansa ta gefen mai aiki, yadda zai tokare bakin tebur. Wannan shi ne birki: ko sau ɗari aka tura allon, a nan zai tsaya.

Daga nan a ɗauki sukwaya, a ja layi daga daidai tsinin haƙoran zarto zuwa dama, layin ya yi kusurwa 90 da tsagar. A kan wannan layi za a huda ƙananan ramuka, a rubuta awon kowane a gefensa: 5, 10, 15, 20 da sauransu. A yanke kan ƙusa, a sa ta a ramin da ake so, tsininta ya fito sama da allon kamar milimita 5 zuwa 6. Masu son awon da ba ya cikin jerin ramuka sukan fafe hanya a kan layin, su sa siririn katako mai zamewa ɗauke da ƙusar, su ɗaure shi da noti a inda suke so.

Inda aka fi yin kuskure

Wannan layin da aka ja daga tsinin haƙora shi ne ran aikin gaba ɗaya. Zarto yana yanka ne da bakinsa na gaba kawai. Idan ƙusa ta yi gaba ko ta yi baya da tsinin haƙora, katakon zai riƙa shigowa zarto a karkace, yana tura ruwan gefe. Sakamakon shi ne yankan ya riƙa shigewa ciki ko ficewa waje kamar gidan dodon koɗi, har a zagayo a tarar ƙarshen yanka bai haɗu da farkonsa ba. Mutane da yawa sukan ɗora wa inji laifi, alhali birkin ne yake buƙatar a matsa da shi milimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa wasu ke soka sukuru a jikin birkin ta inda yake taɓa tebur, don a riƙa murɗa shi ana daidaitawa. Kuma duk lokacin da aka sauya ruwan zarto, sai an sake duba wannan saiti, domin wurin tsinin haƙoran ya canza.

Kuskure na biyu shi ne zaɓen ruwan zarto. Mai faɗi ba ya iya shan ƙaramar kwana, bayansa zai riƙa gogar katako har ya ƙone shi. A ƙiyasin da masu sana'ar ke bi, ruwa mai faɗin milimita 6 yana iya yanka da'irar da rabin faɗinta ya kai kusan milimita 16, mai milimita 10 kusan 38, mai milimita 13 kuma kusan 63. Ga yawancin faifai da saman tebura, mai milimita 6 ko 10 ya wadatar. A tabbata yana da kaifi kuma an ɗaure shi da kyau, domin dasasshen zarto yawo yake yi a cikin katako komai kyawun allon.

Yadda ake yankan

A yanko katako murabba'i wanda ya ɗara faɗin da'irar da santimita ɗaya ko biyu. A ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a fuskar da za ta koma ƙasa, inda suka gitta nan ne tsakiya. A huda rami daidai kaurin ƙusa, kada ya fasa zuwa ɗaya fuskar. A ja allon baya, a zaunar da katakon a kan ƙusa, a kunna inji, a tura allo da katako tare har birki ya tokare. Daga nan sai a fara juya katakon a hankali ta yadda hannun agogo yake tafiya, ba tare da tilasta shi ba, har a zagayo. A kashe inji, a jira zarto ya tsaya cak, sannan a ɗauke faifan.

Idan aiki ne da ba a son rami ko kaɗan, sai a huda wani guntun katako daban, a manna shi a ƙasa da tef mai gam ta fuska biyu, a ɓamɓare bayan an gama. Idan kuma babban tebur ne, a fara rage kusurwoyin murabba'in, domin suna fita nesa. A da'ira mai faɗin santimita 60, kusurwa tana nisan fiye da santimita 42 daga tsakiya, wato ta wuce zarto da fiye da 12, kuma dole ta sami hanyar wucewa ba tare da ta bugi jikin inji ba. A kuma tallafe gefen allon da ya zarce tebur da ƙafa don kada ya rinjaya.

Abu ɗaya da wannan dabara ba ta yi shi ne huda rami mai zagaye a tsakiyar allo, irin na akwatin lasifika. Ruwan zarton a rufe yake, ba ya shiga tsakiya sai ya tsaga daga gefe. Wannan aikin na rauta ne ko ƙaramin zarton hannu mai lantarki.

Yatsa ba ya tsirowa

Zarton da ke raba kirya ba zai ji ƙashin yatsa ba. A sauke murfin kariya har ya rage kamar milimita 6 tsakaninsa da katako. Hannuwa su tsaya a gefen dama, nesa da layin yanka, ana sauya riƙo yayin da faifan ke juyawa. Ba a kusantar inji da riga mai faɗin hannu, mayafi mai lilo, safar hannu ko wayar abin sauraro a wuya. Mai son ɗaukar bidiyon aikinsa ya kafa waya a kan mariƙi kafin ya kunna inji, kada ya riƙe ta da hannu ɗaya. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar yanka, abu na farko shi ne kashe makunni, domin wasu injuna suna tashi da kansu da zarar an dawo da ita. Kafin taɓa ruwan zarto kuwa, a cire soket gaba ɗaya. Ƙurar katako ma ba abin wasa ba ce: hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo kansa, ta iroko kuma an san ta da tayar da asma. Tabarau da takunkumi wajibi ne.

Lissafin riba

A nan wayar hannu take da amfani. Filawud guda yana da faɗin santimita 122 da tsawon 244. Idan aka yanka shi murabba'i mai santimita 30, za a sami huɗu a faɗi, takwas a tsawo, wato guda 32, kowane ya ba da faifai mai santimita 28. Da allon jagora, duka 32 za su fito girma ɗaya, ba sai an zana kowane da kamfas ba, kuma gugar sanfefa kaɗan suke buƙata. Don sanin tsawon tef ɗin da za a rufe gefe da shi, a ninka faɗi da 3.14: tebur mai santimita 60 zai ci kusan 189.

Mai son ganin aikin da idonsa zai iya rubuta bandsaw circle jig a YouTube, ya rage gudun bidiyon daga saiti, ya lura da inda ƙusa take da inda hannuwa suke. Bayan haka, gwajin farko a yi shi a kan guntun katakon da ba a damu da shi ba, a gaban wanda ya san injin. Idan farkon yanka da ƙarshensa suka haɗu ba tare da tudu ba, saiti ya yi, sai a ɗauko katakon kuɗi.