HASUMIYAR FITILA: JAGORAR JIRAGEN RUWA CIKIN DARE

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa ganin teku ba, sai dai a jikin taswirar da ke rataye a aji, inda aka shafa masa shuɗin launi. Wanda ya san teku a taswira kaɗai zai zaci tsakiyar ruwa ne wurin da ya fi hatsari ga jirgi. Matuƙa jiragen ruwa kuwa sun fi jin tsoron gaɓa, domin a nan ne duwatsu suke ɓoye ƙarƙashin ruwa, kuma jiragen da suka farfashe suna dab da isa gida ba su ƙirguwa. Saboda haka ne mutanen dā suka ƙirƙiro hasumiyar fitila, wato dogon gini a bakin teku ko a kan wani dutse cikin ruwa, wanda ake kunna wuta mai ƙarfi a ƙolinsa kowane dare. A wannan maƙala za mu duba yadda take aiki, da wahalar da aka sha wajen gina wasu daga cikinsu, da kuma inda mutum zai je ya gan su da idonsa.

Yadda take aiki

Abu na farko shi ne tsawo. Kamar yadda muka koya a darasin labarin ƙasa, duniya a mulmule take, don haka fuskar teku tana lanƙwasawa ta ɓoye abin da ke nesa. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya hango abin da ya wuce kimanin kilomita 5. Amma idan aka ɗaga fitila sama mita 40, haskenta zai kai wajen kilomita 22 kafin lanƙwasar duniya ta tare shi. Wannan ne dalilin da ya sa ake gina hasumiyar da tsawo, ko kuma a ɗora ta bisa tudu.

Abu na biyu shi ne tara haske. Wutar fitila takan watsu ko'ina, sama da ƙasa, alhali matuƙin jirgi ba ya bukatar sai wanda ya miƙe bisa fuskar ruwa. Wani masani ɗan Faransa mai suna Augustin Fresnel shi ne ya warware wannan matsala. Maimakon gilashi guda mai kauri da nauyi, sai ya jera zobba na gilashi masu kusurwa kewaye da fitilar, kowane zobe yana karkato hasken da ya faɗo masa zuwa hanya guda. An fara amfani da irin wannan gilashi a shekarar 1823 a hasumiyar Cordouan ta Faransa, daga nan ya bazu duniya.

Abu na uku shi ne alama. Idan duk fitilun gaɓa iri ɗaya ne, yaya matuƙi zai san inda yake? Don haka kowace hasumiya tana da nata salon walƙiya. Wata takan haska sau ɗaya ta ɗauke, wata sau biyu ko uku a jere, kuma an rubuta wannan duka a cikin littafi da taswirar da ke hannun matuƙi. Da rana kuwa, fentin jikin ginin ne alama. Idan hazo ya rufe ko'ina har fitila ba ta ganuwa, sai a busa wani babban ƙaho.

Tsofaffin hasumiyoyi

Wadda ta fi shahara a tarihi ita ce ta birnin Iskandariya a ƙasar Masar, wadda aka gama wajen shekara 280 kafin haihuwar Almasihu. Tsawonta ya haura mita 100, kuma tana cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar dā. Girgizar ƙasa ta raunana ta sau da dama, musamman a 1303 da 1323. Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta ya gan ta a 1326 gefe guda ya zube, da ya komo a 1349 kuwa ya tarar ko shiga ba ta yiwuwa. A 1477 Sarkin Masar Ƙaitbai ya fara gina ganuwar tsaro a gurbinta, kuma wannan ganuwa tana nan har yau ana ziyartarta. Wadda ta fi kowace daɗewa tana aiki kuwa tana garin A Coruña a ƙasar Sifen. Rumawa ne suka gina ta kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma har yanzu ana kunna ta.

Dutsen Eddystone da gine-ginensa huɗu

Gina hasumiya a kan tudu abu ne mai sauƙi. Aikin da ya gagari mutane shekaru aru-aru shi ne gina ta a kan dutsen da ke tsakiyar ruwa, inda igiyoyi ke duka dare da rana. Babu inda ya nuna wannan gwagwarmaya kamar dutsen Eddystone, wanda ke kimanin kilomita 22 daga tashar jiragen ruwa ta Plymouth a kudancin Ingila. Idan teku ya ciko, kusan duk dutsen yakan nutse, ga shi kuwa daidai kan hanyar jiragen da ke shiga tashar.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Henry Winstanley, wani attajiri mai son ƙere-ƙere, wanda jiragensa biyu suka farfashe a wurin. Ana cikin aikin, a 1697, wani jirgin Faransawa ya kama shi, domin a lokacin ƙasashen biyu suna yaƙi. Da labari ya kai ga Sarkin Faransa Luwis na 14, sai ya ba da umurni a sake shi, tun da aikin nasa zai amfani jiragen kowa da kowa. An kunna fitilar a watan Nuwamba na 1698. Yawancin ginin na katako ne, ya sha ado kamar gidan sarauta. An ce Winstanley ya amince da aikinsa har yana fatan a yi guguwa mafi girma yana ciki. A ƙarshen Nuwamba na 1703 ya je yin gyara, sai ga wata guguwa da ba a taɓa ganin irinta ba a Ingila. Da gari ya waye babu hasumiya, babu shi, babu mutum biyar da ke tare da shi.

Na biyu shi ne John Rudyerd, wanda asalinsa ɗan kasuwar siliki ne. Ya lura cewa ado da kusurwoyi su ne ke ba ruwa da iska wurin kamawa, saboda haka ya yi nasa ginin sumul, mai faɗin gindi da tsukakken kai, ya lulluɓe shi da katako kamar jikin jirgi. An gama shi a 1709, ya kuma yi shekara 46 teku bai kayar da shi ba. Wuta ce ta ci shi. A daren 2 ga Disamba 1755 gobara ta tashi a ɗakin fitila. Wani dattijo mai tsaron wurin, Henry Hall, mai shekara 94, yana ɗaga kai yana watsa ruwa sai narkakkiyar darma ta rufin ta zubo masa. Ya yi ta faɗa cewa ya haɗiye darma, ba a gaskata shi ba. Da ya rasu bayan kwana 12, likita ya ciro gudan darma mai nauyin kusan giram 200 daga cikinsa, kuma an ajiye shi a gidan adana kayan tarihi na birnin Edinburgh.

Na uku, John Smeaton, ya ɗauki darasi daga duka biyun. Ya ce ginin dutse zai yi, mai nauyin da ruwa ba zai iya girgizawa ba, kuma ya kwaikwayi siffar babban itace, wanda gindinsa ke da faɗi yana tsukewa a hankali zuwa sama. Ya sa aka sassaƙa kowane dutse yadda zai sarƙe da na kusa da shi, kamar yadda kafinta ke sarƙa katako a kusurwar akwati, har gindin ginin ya sarƙe da dutsen da ke ƙasa. Sauran matsala ita ce abin da zai riƙe duwatsun, domin farar ƙasar gini ta yau da kullum ba ta daskarewa cikin ruwa. Bayan gwaje-gwaje masu yawa ya gano cewa dutsen farar ƙasa mai gauraye da yumɓu, idan aka gasa shi, yana daskarewa ko a ƙarƙashin ruwa. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka share fagen simintin da muke gini da shi a yau. An kunna fitilar Smeaton ranar 16 ga Oktoba 1759, da kyandir 24 kacal.

Ginin ya yi fiye da shekara 120 a tsaye. A ƙarshe dutsen da aka ɗora shi a kai ne ruwa ya zaizaye, har hasumiyar takan yi rawa idan babbar igiya ta buge ta. Sai injiniya James Douglass ya gina ta huɗu a wani sashe na dutsen, mai tsawon mita 49, aka kunna ta a 1882. Ita ce ke aiki har yau, tana walƙiya sau biyu a kowace daƙiƙa 10.

Dabarar Smeaton ce aka bi wajen gina hasumiyar Bell Rock a gabashin Sikotilan daga 1807 zuwa 1810, a kan dutsen da ba ya fitowa sai na 'yan sa'o'i idan teku ya janye. Injiniyan aikin, Robert Stevenson, shi ne kakan Robert Louis Stevenson, marubucin littafin nan Treasure Island.

Rayuwar masu tsaron fitila

Aikin mai tsaron fitila shi ne ya kunna ta da faɗuwar rana, ya gyara lagwani, ya zuba mai, ya goge gilashi, ya kuma riƙa wana injin da ke juya gilashin har gari ya waye. Idan teku ya yi fushi, jirgin da ke kawo abinci da masu karɓar aiki yakan yi makonni bai iso ba. A 1801, a hasumiyar Smalls da ke gaɓar Wales, ɗaya daga cikin masu tsaro biyu ya rasu, abokinsa ya zauna shi kaɗai da gawar tsawon makonni yana kunna fitila, yana tsoron jefa ta a ruwa kada a zarge shi da kisa. Daga nan aka mai da masu tsaro su zama uku a irin waɗannan wurare. A watan Disamba na 1900 kuma, masu tsaro uku na tsibiran Flannan a Sikotilan suka ɓace gaba ɗaya. Binciken hukuma ya fi karkata ga cewa wata babbar igiya ce ta share su yayin da suka fita ɗaure kaya.

Yanzu wannan sana'a ta kusa ƙarewa. An janye masu tsaro daga Eddystone a 1982, kuma a 1998 aka janye na ƙarshe a duk Birtaniya. Na'ura ce ke kunna fitilun, masu gyara kuwa sukan je da jirgi mai saukar ungulu. Ko da yake jiragen yau suna gane hanya ta tauraron ɗan'adam, ba a kashe fitilun ba, domin na'urar jirgi tana iya lalacewa a tsakiyar dare.

Inda za a je a gani

Wanda Allah ya kai shi Plymouth zai iya hawa hasumiyar Smeaton da ƙafarsa. Mutanen garin ba su yarda a watsar da ita ba, sai aka kwance sashenta na sama dutse bayan dutse, aka sāke gina ta a filin Hoe da ke fuskantar teku, aka buɗe ta a 1884. Tana da matakala 93, kuma idan sarari ya yi garau ana hango hasumiyar Douglass can nesa, da kututturen tsohon gindin a gefenta.

Ba sai an je Turai ba ma. A unguwar Jamestown ta birnin Akara a ƙasar Gana akwai hasumiya mai fentin ja da fari, mai tsawon mita 28, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin wata ta 1871. Ba ta da nisa da Sabon Zango, inda Hausawa suka daɗe da zama, kuma daga ƙolinta ana ganin kwale-kwalen masunta da tsohuwar ganuwar James Fort. Idan aka bi gaɓa zuwa yamma za a isa Cape Coast da Elmina, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take tsaye, da ɗakunan duhun da aka tsare bayi kafin a tsallaka da su Amurka. A Dakar ta ƙasar Senegal kuma akwai hasumiyar Mamelles ta 1864, a kan tudu kusa da ƙarshen yammacin nahiyar Afirka.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda tafiya ta kai shi bakin teku, walau karatu ko ziyarar dangi, ya nemi hasumiyar garin ya hau idan an ba da izini. In dare ya yi kuma ya tsaya ya ƙirga walƙiyarta da agogo, zai karanta saƙon nan da matuƙan jirgi ke karantawa daga can cikin ruwa.