Haƙƙin Kiwo a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda haƙƙin kiwo ya sauya a ƙasar Kura da Bunkure tun daga 1974, watau shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aka shiga kai ruwanta gonakin Kadawa da kewaye.

Abin da ya kamata mu fara fahimta shi ne, haƙƙin makiyayi a wannan yanki tun asali haƙƙi ne na lokaci. Gona ta manomi ce daga shuka har girbi. Da zarar an kwashe gero da dawa, an ɗaure harawa, sai ta zama makiyaya: shanu su ci kara, su bar taki. Har akan sami manomin da zai roƙi Arɗo a saukar masa da garke a gonarsa na 'yan kwanaki, ya ba da damin hatsi a kai. Da damina kuwa, burtali ke fid da dabbobi daga cikin shuka zuwa daji da mashaya.

To, noman rani wannan lokacin ya cinye. Gonar da aka yanke shinkafa da kaka, kafin a jima an zuba mata alkama ko tumatir ko albasa, sa'an nan ga hanyoyin ruwa sun datse inda shanu suka saba bi. Karan da a dā ake bari a gona ya zama abin sayarwa.

Doka kuma ba ta san haƙƙin lokaci ba. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 fili take magana a kai, haka ma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta yarda ƙaramar hukuma ta ba da fili har hekta 5,000 domin kiwo. Amma fa ina za a samo irin wannan fili tsakanin Kura da Bunkure? A ganinmu, har soke jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979, duk da sauƙin da ya kawo, ya raba makiyayi da takardar da yake nunawa cewa hukuma ta san da zamansa.

Irin shanu ma yana da hannu cikin wanda zai iya zama. Bunaji, watau farar saniya mai baƙin kunne da baƙin hanci, tana da sauƙin bi da lallami a tsakanin gonaki, tana kuma jure cin kara da dusa. Rahaji kuwa, ja mai dogayen ƙahoni, saniyar doguwar tafiya ce; matsatsin wuri ba nata ba ne.

Dangane da sanin gargajiya, misali ɗaya ya ishe mu. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa kiwo a bakin ruwan da ke kwance yana jawo ciwon hanta, don haka sukan kauce masa in da hali. Likitocin dabbobi sun tabbatar da dalilin: tsutsar da ke cin hantar, a jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa take girma, sa'an nan ta manne wa ciyawa. A yankin noman rani kuwa, ɗanyar ciyawar da ta rage wa saniya da bazara mafi yawanta a gefen magudanun ruwan take.