Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka sabunta: Abin da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, farashin sabbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ya yi tashin gwauron zabi, domin akasarinsu da dala ake shigo da su. Hakan ya sa ɗalibai da masu zanen gine-gine da masu tace bidiyo suka karkata ga manyan kwamfutoci na hannu da aka gyara aka sabunta, irin waɗanda ake samu a Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano.

Dalilinsu a bayyane yake. Kwamfutoci irin su ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP, an ƙera su ne domin aikin ofis, saboda haka sun fi masu arha ƙwari da juriya. Kamfanoni a Turai da Amurka kan sauya su bayan 'yan shekaru, sai su kwararo kasuwannin Afirka a farashi mai rahusa.

Sai dai kalmar "sabuntawa" tana ɗauke da ma'anoni biyu. Akwai kwamfutar da kamfanin da ya ƙera ta ya karɓa, ya gwada, ya canza abin da ya lalace, sannan ya ba da garanti. Apple, alal misali, yana ba irin wannan garantin shekara guda kamar sabuwa. Akwai kuma gwanjon da aka goge masa ƙura kawai aka ɗora masa sabuwar manhaja. Tambayar farko ke nan ga mai sayarwa: wa ya yi gyaran, me aka canza, kuma garantin na wata nawa ne a rubuce?

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne shekarun ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar furosesan Intel a hukumance sai daga tsara ta takwas zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Kwamfutar da ta gaza wannan sharaɗi za ta ci gaba da aiki, amma ba tare da sabbin matakan kariya ba, abin da ke da haɗari ga mai hulɗa da banki ta intanet.

A nan ne tambarin "Core i7" ke yaudarar mutane da dama. Lamba ɗaya ko biyu na farko bayan wannan suna su ne ke nuna tsarar furosesan. Core i7-7500U na tsara ta bakwai ne, kuma sassan sarrafa aiki biyu gare shi, alhali Core i5-8250U na tsara ta takwas yana da huɗu. Ke nan mai ƙaramin suna ya fi ƙarfi, kuma shi ne Windows 11 ke karɓa. Haka lamarin yake a ɓangaren MacBook: Apple ya fara amfani da furosesansa na M1 a Nuwamban 2020, kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ce manhaja ta ƙarshe ga masu furosesan Intel.

Batir shi ne na uku, musamman a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas. Ƙarfinsa na raguwa da yawan caji, ko da jikin kwamfutar na sheƙi. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage. Apple kuwa ya tsara batirin MacBook na zamani ya riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan zagayen caji 1,000, kuma ana ganin adadin a cikin bayanan na'urar. Idan batirin ya gaji, sai a haɗa kuɗin sabo a lissafi tun kafin a yi ciniki.

Akwai kuma batun kulli. Wasu kwamfutocin na zuwa da kalmar sirri a BIOS, ko suna nan a rajistar kamfanin da ya taɓa mallakarsu, ko a ɗaure da asusun iCloud na wani. Irin wannan na iya kullewa bayan an kai ta gida. Hanyar kariya ita ce a goge komai a sake ɗora manhaja a gaban mai sayarwa, kwamfutar tana haɗe da intanet, sannan a duba lambar jikinta a shafin kamfanin da ya ƙera ta domin sanin ainihin shekarunta.

Yana da kyau a san ko ana iya ƙara mata RAM. A kwamfutoci sirara da yawa, da dukkan MacBook masu furosesan M, an manne shi ne da allon ciki, don haka abin da aka saya da shi za a zauna.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, tana karɓar koken wanda aka sayar wa kaya sabanin yadda aka siffanta masa. Amma koke na buƙatar hujja: rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar, da bayanin abin da ke cikinta, da wa'adin garanti.

Idan aka auna duka, babbar kwamfuta da aka sabunta tana da riba ga wanda aikinsa ke buƙatar ƙarfi, muddin furosesanta na cikin waɗanda ake tallafa wa, batirinta na da sauran rai, kuma garantin a rubuce yake. Wanda buƙatarsa ba ta wuce rubutu da shiga intanet ba, sabuwa mai matsakaicin farashi da cikakken garanti za ta fi ba shi kwanciyar hankali. In kuwa mai sayarwa ya ƙi yarda a gwada kayan a gabansa, ya riga ya ba da amsa, domin araha ba ta ado.