Matsalar Numfashi ga Masu Ciwon Jijiya da Tsoka da Hanyoyin Tallafa Musu

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci cututtukan da ke shanye gaɓoɓin jiki, abin da kan fara faɗowa a zukatan jama'a shi ne ƙafar da ta kasa tafiya ko hannun da ya kasa ɗaukar ludayi. Ba kasafai ake tunawa da cewa numfashi shi ma aikin tsoka ne ba. Alhali kuwa a yawancin irin waɗannan cututtuka, gazawar numfashi da ciwon nimoniya su ne kan zama ajalin majiyyaci. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda raunin jijiya da tsoka ke taɓa numfashi, da alamomin da ake gane hakan da su, da kuma dabarun da masana suka samar don tallafa wa majiyyaci ya yi tsawon rai cikin sauƙi.

2.0 Yadda Numfashi ke Gudana

Huhu ba ya iya motsa kansa. Misalinsa kamar zuga-zugin maƙeri ne, wanda komai kyan fatarsa ba zai hura wuta ba sai da hannun mazugi. Hannun da ke zuga huhu shi ne tsokoki, kuma ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne tsokokin shaƙa. Babbarsu ita ce faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda za a kira tsokar shamaki a wannan maƙala. Idan ta tsuke sai ta yi ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta kwarara cikin huhu. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari da na wuya su ne mataimakanta. Kashi na biyu su ne tsokokin ciki, waɗanda ke matso iska waje da ƙarfi yayin tari. Kashi na uku su ne tsokokin baki da harshe da maƙogwaro, masu kula da magana da haɗiya da rufe hanyar iska kada abinci ya faɗa cikinta.

Duk waɗannan tsokoki umarni suke jira. Umarnin kan taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya shiga jijiya, sannan ya tsallaka zuwa tsoka. Jijiyar da ke yi wa tsokar shamaki hidima daga wuya take fitowa, a daidai gaɓa ta uku zuwa ta biyar. Baligi mai lafiya yana numfasawa sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace shaƙa kuma kimanin rabin lita ce.

3.0 Ire-iren Cututtukan

Ana rarraba waɗannan cututtuka ne gwargwadon wurin da igiyar umarnin ta tsinke.

Akwai masu lalata ƙwayoyin jijiya a cikin laka. A nan ake samun shan inna, da cutar ƙanjamewar tsoka ta gado da ake kira SMA, wadda kan kama jarirai, da kuma cutar ALS wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1869. Ita ce ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, a 1963 yana ɗan shekara 21. A 1985 nimoniya ta kwantar da shi, aka huda masa maƙogwaro don ceton ransa, ya rasa muryarsa, amma ya rayu har 2018.

Akwai masu kama ita kanta jijiyar, kamar cutar Guillain-Barré da aka bayyana a 1916. Wannan takan faro daga ƙafafu ta yi sama cikin 'yan kwanaki, kuma kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu ita kan buƙaci na'urar numfashi na wani lokaci, ko da yake mafi yawansu kan farfaɗo.

Akwai masu ɓata mahaɗar jijiya da tsoka, kamar mayastiniya, wadda kan sa fatar ido ta sauko, tsoka kuma ta riƙa gajiya da wuri.

Sai kuma masu cin ita kanta tsokar. Fitacciya a cikinsu ita ce cutar Duchenne, wadda kan kama ɗa namiji ɗaya cikin kowane 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa. An gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta a 1986. Yaro kan fara da yawan faɗuwa da wahalar miƙewa, ya daina tafiya a wajejen shekara 10 zuwa 12, daga nan raunin ya gangara zuwa ƙirji.

4.0 Yadda Matsalar ke Sanɗowa

Raunin kowane kashi na tsokokin nan uku yana da irin tasa illa. Idan tsokokin shaƙa suka raunana, numfashi kan zama sama-sama, ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu su manne, ƙirji kuma ya sandare saboda rashin miƙewa. Ga yaro mai tasowa, karkacewar ƙashin baya kan ƙara ƙuntata wa huhu wuri. Idan tsokokin ciki suka raunana, tari kan rasa ƙarfi, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami mazauni. Idan kuwa na maƙogwaro ne, sai abinci da yawu su riƙa sarƙe majiyyaci suna gangarawa huhu.

Abin lura shi ne, da dare matsalar ke fara bayyana. Akwai wani mataki na barci, wanda a cikinsa ake yawan mafarki, inda kusan dukan tsokokin jiki ke saki, a bar tsokar shamaki ita kaɗai da aiki. Mai raunin wannan tsoka sai numfashinsa ya ragu, iskar oksijin ta yi ƙasa a jininsa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar, wato kabon-dayoksaid, ta taru. Daga nan ake samun ciwon kai da asuba, da yawan farkawa cikin dare, da munanan mafarkai, da gyangyaɗi da rana, da rashin son abinci, da kasa kwanciya rigingine. Da yake majiyyacin ba ya gudu, ba ya hawan tudu, ba lallai a ga yana haki ba, saboda haka sau da yawa akan ɗauki waɗannan alamomi a matsayin kasala ko gajiya, har sai mura ta zo ta tona asirin.

Likitoci na da awo masu sauƙi na gano matsalar tun da wuri. Akan auna yawan iskar da mutum ke iya fesowa bayan cikakkiyar shaƙa, a zaune da kuma a kwance. Ga mai lafiya bambancin ba ya kai kashi 10 cikin 100. Idan ya haura kashi 25, alama ce ta raunin tsokar shamaki. Akan kuma auna ƙarfin tari. Na baligi mai lafiya kan haura lita 360 a minti. Idan ya gaza 270, akwai haɗari duk lokacin da mura ta kama shi. Idan ya gaza 160, tarin ba ya iya fitar da majina.

5.0 Darasin Annobar 1952

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan fanni daga annobar shan inna aka koye shi. A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard a Amurka suka ƙera na'urar da aka yi wa laƙabi da huhun ƙarfe. Wata doguwar ganga ce da ake shigar da majiyyaci ciki, kansa kaɗai a waje, ana janye iskar cikinta ana mayarwa, ƙirjinsa na buɗewa yana rufewa.

A 1952 annoba ta ɓarke a Kopanhegan, babban birnin Danmak. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cutar, huhun ƙarfe guda ɗaya tak yake da shi, sai wasu ƙananan na'urori shida. Daga cikin majiyyata 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu. Wani likita mai sa barci a ɗakin tiyata, Bjørn Ibsen, ya fahimci cewa taruwar gurɓatacciyar iska ce ke kashe su, domin ana ba su oksijin amma ƙirjinsu ba ya motsi yadda zai fitar da ita. Ranar 27 ga Agusta ya gwada dabararsa a kan wata yarinya 'yar shekara 12: aka huda mata maƙogwaro, aka sa bututu, aka riƙa tura mata iska ta hanyar matsa jakar roba da hannu. Yarinyar ta rayu. Da yake babu injinan da za su yi wannan aiki, sai aka gayyato ɗaliban likitanci da na haƙori, kimanin 1,500, suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakunkuna har tsawon watanni. Yawan mace-mace ya sauko daga kashi 87 zuwa kimanin kashi 40 cikin 100, daga baya ma ya ƙara sauka. Shekara guda bayan haka Ibsen ya buɗe sashen kulawa ta musamman, wanda ake ɗauka shi ne na farko a duniya.

Darasin yana nan har gobe. Mai irin wannan ciwo huhunsa lafiya lau yake, mazugin ne ya gaji. Idan aka ba shi oksijin kaɗai ba tare da taimaka wa ƙirjinsa ba, numfashinsa na iya ƙara raguwa, gurɓatacciyar iska ta hau, ya shiga magagi har ya suma. Wajibi ne dangi su sanar da ma'aikatan asibiti irin ciwon da yake da shi tun daga bakin ƙofa.

6.0 Hanyoyin Tallafi

Tallafin ya ginu ne a kan abubuwa uku: cika huhu, fitar da majina, da hutar da tsokoki.

Wajen cika huhu, akwai dabarar tara numfashi. Akan yi amfani da jakar roba irin ta Ambu, wadda aka ƙirƙiro a Danmak a 1956. Majiyyaci zai shaƙa, ya riƙe, mai jinya ya matsa jakar ya ƙara masa wata iskar a kan ta farko, sau uku ko huɗu, har ƙirji ya cika. Yin haka sau biyu ko uku a rana yana rage sandarewar ƙirji da mannewar huhu. Akwai kuma numfashin kwaɗo, wanda likita Clarence Dail ya bayyana a 1951, inda majiyyaci ke haɗiyar iska loma-loma da harshe da maƙogwaro yana tura ta huhu. Da wannan dabara Paul Alexander, wanda shan inna ta kama a Texas a 1952 yana ɗan shekara 6, ya riƙa fita daga huhun ƙarfe na sa'o'i, ya yi karatu har ya zama lauya. Ya rasu a 2024 yana da shekara 78.

Wajen fitar da majina, mai jinya kan ɗora tafin hannunsa a ƙasan haƙarƙari, ya danna ciki da sama daidai lokacin da majiyyaci ya yi tari. Idan an haɗa wannan da tara numfashi, tarin kan ƙara ƙarfi sosai. Ba a yin sa bayan cin abinci, kuma sai likitan gashi ya koyar. Ga wanda tarinsa ya yi rauni ƙwarai, akwai na'urar tari, wadda ke tura iska cikin huhu sannan ta zuƙo ta farat ɗaya, ta taho da majinar.

Wajen hutar da tsokoki, tun daga shekarun 1980 aka koma amfani da ƙaramar na'ura mai takunkumin hanci ko na fuska, wadda majiyyaci ke kwana da ita a gida ba tare da huda maƙogwaro ba. Amfaninta ya tabbata. Wani nazari da aka buga a 2002 daga birnin Newcastle na Ingila ya nuna cewa a shekarun 1960 masu cutar Duchenne kan rasu a matsakaicin shekara 14, amma waɗanda suka sami na'urar daga 1990 sun kai shekara 25. Wani gwajin na 2006 daga birnin ya nuna cewa na'urar ta ƙara wa masu ALS da maƙogwaronsu bai raunana ƙwarai ba kwana 205 a matsakaici, tare da kyautatuwar barci. Huda maƙogwaro kuwa akan ajiye shi ne ga wanda takunkumi ya kasa wadatarwa, bayan an zauna da shi da iyalinsa an yi shawara.

Bayan waɗannan, akwai allurar rigakafin mura da ta nimoniya, da kaurara abin sha ga mai sarƙewa, da zama a miƙe yayin cin abinci, da nisantar hayaƙin itace da na taba, da kuma taka-tsantsan da magungunan barci da masu kashe zafi masu ƙarfi, domin suna danne numfashi. Motsa jiki ma sai da awo, saboda wahalar da tsokar da ta riga ta lalace na iya ƙara mata rauni.

7.0 Kammalawa

A 2016 aka ga ƙwayar shan inna ta daji karo na ƙarshe a Nijeriya, a Jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Sai dai waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan da yawa a garuruwan Arewa, kuma an tabbatar cewa sabon rauni na iya taso wa wasunsu shekara 15 zuwa 40 bayan ciwon farko, musamman ma abin ya fi tsanani ga numfashin masu karkataccen baya. Sauran cututtukan kuwa ba su san iyakar ƙasa ba. Gaskiya ne na'urorin nan suna da tsada, suna kuma bukatar wutar lantarki mai ɗorewa, amma tara numfashi da tallafa wa tari da gane alamomin dare ba sa bukatar komai sai jakar roba, da hannu, da sani. Da hannu aka ceci rayuka a 1952. Abin da ya rage shi ne a isar da wannan sani ga iyaye da masu jinya cikin harshen da suke ji, a kuma daidaita kalmominsa, wanda aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa tare da likitoci.