Baƙo a Akra: Hausa ta isa neman aiki, ba ta isa takarda ba

Saurayin da ya sauka Akra daga Tawa, ba ya jin Turanci, Nima yake fara nufa. Can ɗan garinsu zai ba shi makwanci, ya samo masa aiki: gadi, talla, ko sauke buhunan albasa a Adjen Kotoku, inda aka mai da 'yan albasar Agbogbloshie a 2021. Duk da Hausa ake shiryawa.

Sai ran da takarda ta shigo, rasit ko yarjejeniyar haya, ake cutar wanda ya dangwala yatsa bai karanta ba. Don haka ɗan'uwa, kafin ka dangwala, nemi ɗan zango da ya yi boko ya karanta maka. Kai ma riƙa tsintar Turancin, ko kalma biyar a rana.