Fayiba: Siririn zaren gilashin da muryar mutanen Sanyinna da kuɗinsu ke bi

A watan Satumban 2021 wayoyi sun yi tsit a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ce an katse layukan sadarwa ne domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu bayanai, makonni kaɗan bayan an ɗauki irin matakin a Zamfara. Ƙaramar hukumar Tambuwal, inda garin Sanyinna yake, tana cikin waɗanda aka lissafa.

Duk wanda ya ga wancan lokaci ya san abin da rashin sabis ke nufi. Mai POS ya rufe rumfa, ɗan kasuwa ya kasa jin farashin albasa a Kudu kafin ya yi lodi, mai mara lafiya kuma sai ya hau babur ya je da kansa ya kira ma'aikacin asibiti.

Wancan katsewa da umarnin hukuma aka yi ta. Amma akwai wadda ke faruwa kusan kullum ba tare da sanarwa ba, kuma galibi dalilinta guda ne: wani siririn zaren gilashi da aka binne a gefen titi ya tsinke.

Daga turke zuwa teku

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kira a iska yake tafiya tun daga Sanyinna har Legas. Ba haka ba ne. A iska yake zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan, a yawancin karkara, faifan da ke maƙale a jikin turken ne ke harba shi zuwa wani turken, wannan ma ya miƙa gaba, har a kai inda aka jona wayar fayiba. Sauran tafiyar duk a cikin gilashi ake yin ta.

Ana mayar da murya ko saƙon banki lambobi, na'ura ta mayar da lambobin walƙiyar haske, hasken ya bi ta tsakiyar zaren da gudun da ya kai kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Faɗin wannan tsakiya, a irin zaren da ake amfani da shi don nisa, maikuron 9 ne kacal, alhali silin gashin mutum yakan kai maikuron 70. Charles Kao ne ya nuna a 1966 cewa gilashi mai tsabta zai iya kai haske nesa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2009, kuma kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko mai irin wannan inganci a 1970.

A gaɓar Legas ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da kuma Equiano na Google da ya iso a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, bankuna suka rikice a faɗin Najeriya. Mai shago a Tambuwal da ya yi ta jiran alat a ranar, matsalarsa a ƙasan teku take.

Intakom: kiran da ba ya cin kati

Ba kamfanonin waya kaɗai ke da amfani da fayiba ba. Asibiti ko makarantar kwana ko sakatariyar ƙaramar hukuma na iya shimfiɗa tata a cikin harabarta, ta ɗora mata abu biyu a lokaci guda: intakom, wato wayar cikin gida da ma'aikata ke kiran juna da ita, da kuma bayanan kwamfuta.

A ɗauki misalin asibitin karkara da gine-ginensa ke warwatse. Ɗakin haihuwa yana gabas, ɗakin gwaje-gwaje yana yamma, gidan likita yana can bayan katanga. Idan jini ya ɓalle wa mai naƙuda da ƙarfe biyun dare, ungozoma tana da zaɓi biyu: ta kira da wayarta in akwai kati da caji da sabis, ko ta tura maigadi da tocila. Da intakom, lamba uku za ta danna. Kiran ba ya fita daga harabar, don haka ba ruwansa da turke. Ko da an sake rufe layuka kamar a 2021, zai ci gaba da aiki.

Me ya hana a yi da wayar tagulla da aka saba? Wayar kwamfuta ta tagulla ba ta wuce mita 100 sai saƙo ya fara ɓacewa, yayin da ƙaramar na'urar fayiba ta yau da kullum ke kai haske kilomita 10 ko 20 ba tare da an ƙara masa ƙarfi a hanya ba. Sannan ga tsawa. Tagullar da ta ratsa tsakanin gini da gini takan kwaso wutar aradu da damina ta ƙone duk abin da ke jone da ita. Gilashi ba ya ɗaukar lantarki.

Batun cunkoso kuwa babu shi. Kira ɗaya yana cin kimanin kilobit 64 a daƙiƙa, layin gigabit ɗaya kuma zai iya ɗaukar sama da kira dubu goma. Abin da masu haɗawa ke kula da shi kawai shi ne a saita na'urar rarraba layi ta riƙa ba murya fifiko a kan sauran bayanai. Hoton gwaji zai iya jinkirin daƙiƙa ɗaya ba wanda ya lura, amma murya idan ta makara fiye da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, sai masu magana su fara katse juna.

Yadda ake haɗa ta

Rabin aikin na mai diga da shebur ne. Ana haƙa rami mai zurfin kusan mita ɗaya, a shimfiɗa bututun roba, a zura wayar a ciki, a rufe rabi, a ɗora wani kirtanin gargaɗi mai launi domin wanda zai yi haƙa nan gaba ya ci karo da shi kafin ya kai ga wayar. A inda ɓeraye da gara suka yi yawa, mai sulken ƙarfe ake saye. Ba a lanƙwasa ta sosai a kwana, domin haske na zurarewa a wurin lanƙwasar ko da gilashin bai karye ba.

Sauran rabin aikin natsuwa yake buƙata. Ba a murɗa zare biyu a naɗe da salatif kamar wayar lantarki. Ana feɗe rigar zaren, a goge da sinadarin barasa, a yanke bakinsa daidai da wata wuƙa ta musamman, a sa bakunan biyu a cikin injin da ke daidaita su ta madubi, sannan ya narkar da su da tartsatsin wuta su zama ɗaya. Haɗi mai kyau kusan ba ya rage komai daga hasken. Mummunan haɗi kuwa yakan yi aiki yau, gobe ya riƙa ɗaukewa, a yi ta zargin kwamfuta.

A nan ne yanayin kudancin Sakkwato ke shigowa. Ƙwayar ƙura guda ta hunturu ta isa ta toshe hanyar da faɗinta bai wuce maikuron 9 ba. Shi ya sa ƙwararru ke yin haɗin a cikin mota ko tanti, kuma ba sa cire murfin kan waya sai za su soka ta. Datti a bakin mahaɗi yana cikin manyan dalilan da ke sa layin fayiba ya ƙi aiki a ko'ina a duniya, balle a inda iska ke tashi da rairayi wata uku a jere.

Akwai kurakuran da sabon shiga ke yawan yi. Yakan jona bakin aikawa da bakin aikawa, maimakon na aikawa ya fuskanci na karɓa. Yakan soka kai mai launin kore a cikin mai launin shuɗi, alhali yankan bakinsu ya bambanta. Idan zare ɗaya ne ke kai saƙo ya kuma dawo da shi, na'urorin gefe biyu dole su zama mata da miji, ɗaya na aikawa da hasken nanomita 1310, ɗayar da 1550. Mafi haɗari shi ne leƙa bakin zaren don a ga ko akwai wuta. Ido ba ya ganin wannan haske, amma yana iya lahanta shi.

Sai babbar matsala, wadda ba ta gilashi ba ce. Tsohuwar wayar tarho ta zamanin NITEL daga ofishin waya take samun wutarta, ko an ɗauke lantarki tana ringin. Fayiba ba ta kawo wuta. Kowane gini sai an ajiye masa batir da sola, in ba haka ba intakom ɗin zai mutu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kwangilar da aka sa kuɗin waya da na'urori aka manta da kuɗin canjin batir bayan shekara biyu ko uku, ta zama kayan kallo ranar buɗewa kawai.

Katafila da 'yan gwangwan

Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, Aminu Maida, ya bayyana cewa an samu tsinkewar fayiba sama da sau 50,000 a Najeriya a 2024, kuma kusan 30,000 daga ciki aikin titi ne ya jawo. Direban katafila da ke yashe magudana ba shi da taswirar abin da ke ƙasa, sau da yawa ma wanda ya ba shi aikin ba shi da ita. Wannan ya shafi Jihar Sakkwato ma, ganin an ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 a watan Oktoban 2024, ban da gyare-gyaren da ake yi a kan tsofaffin hanyoyi.

Abin takaici ya fi yawa a wajen ɓarayi. Suna tono wayar da zaton tagulla ce, su sare ta, su feɗe, su tarar da gilashi da roba waɗanda ba mai saye a kilo. Su ba su samu ko sisi ba, garuruwa kuma sun kwana babu sabis. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wanda ya sa lalata su ya zama babban laifi.

Gano inda aka tsinke ba shi da wuya. Akwai na'urar da ake kira OTDR, tana harba haske ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta faɗi nisan wurin har zuwa 'yan mitoci. Isa wurin ne aiki. A sassan Kebbe da ke fama da hare-haren 'yan bindiga, ba kowane injiniya ne zai yarda ya zauna a bakin daji da daddare yana haɗa zare 24 ko 48 ɗaya bayan ɗaya ba. Gyaran awa uku sai ya kwana biyu.

Lissafin da ke hana ta shiga ƙauye

Kamfani ba ya haƙa rami sai ya biya kuɗin izinin bin hanya. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kowace mita, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar dubbai. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, wasu jihohin suka bi sahu daga baya. Ko a farashin 145 ɗin, kilomita 30 zai ci naira miliyan 4 da dubu 350 kafin a sari ƙasa sau ɗaya. Idan kamfani ya kwatanta wannan da abin da zai samu a garin manoma, sai ya gwammace ya bar turken a kan faifai.

Gwamnatin Tarayya ta ce za ta cike giɓin. A watan Mayun 2024 Majalisar Zartarwa ta amince da shirin da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya gabatar na shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000, domin a tashi daga kimanin 35,000 zuwa 125,000, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. An yi alƙawarin kai layin ga ƙananan hukumomi 774.

Sai dai Sanyinna ba hedikwatar ƙaramar hukuma ba ce. Idan layin ya tsaya a sakatariyar Tambuwal ko ta Kebbe, akwai sauran tafiya kafin ya kai asibiti da makarantar sakandare da kasuwar gari, kuma wannan ƙarashen ne ya fi tsada idan aka raba kuɗinsa a kan yawan masu amfani. Shi ne abin da ya kamata ɗan majalisar da ke wakiltar Kebbe da Tambuwal da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su nemi a rubuta musu a takarda tun kafin a fara haƙa: ta ina layin zai bi, a ina za a bar ramukan da za a iya jona reshe, kuma wa zai riƙe taswirar.

Akwai kuma batun masu gyara. Koyon haɗa zare aikin 'yan makonni ne ga matashin da ya saba gyaran waya ko haɗa sola, injin ɗin ne ke da tsada. A inda babu mai shi a kusa, duk tsinkewa sai an jira mota ta taso daga Sakkwato ko Birnin Kebbi.