Mutum-mutumin Haya Ya Shiga Rumbunan Ajiyar Kaya

A shekarar 2012 kamfanin Amazon ya sayi Kiva Systems a kan dala miliyan 775. Kiva ne ke ƙera na'urorin nan masu shiga ƙarƙashin kantar kaya su ɗago ta su kai wa ma'aikaci inda yake tsaye. Bayan cinikin sai Amazon ya daina sayar wa kowa, kamfanonin da suka dogara da su suka shiga tsaka mai wuya. Mutanen ɗaya daga cikinsu, Quiet Logistics, su ne suka kafa Locus Robotics a jihar Massachusetts ta Amurka.

Abin da ya fito da Locus shi ne tsarin haya. Mai rumbu ba sai ya zuba miliyoyi lokaci guda ba, kuɗin wata yake biya, gyara da sabunta manhaja kuma suna wuyan mai na'ura. Idan ciniki ya kankama a ƙarshen shekara, daga Black Friday zuwa Kirsimeti, sai ya ƙaro wasu, kasuwa ta lafa ya mayar. DHL na cikin manyan masu amfani da su.

Aikin na'urar ba wani mai ban mamaki ba ne. Takan je gaban kantar da kayan suke ta tsaya, ma'aikaci ya ɗauko ya saka mata a kwando, ta wuce. Tafiyar ce ta ɗauke masa, kuma tafiya ita ce ke cinye yawancin lokacin mai haɗa oda.

Haya ta sauya lissafi. A da, sayen mutum-mutumi shawara ce ta shekaru. Yanzu manaja na iya ajiye kuɗin hayar kusa da albashin ma'aikaci ya gwada. Mujallar Wired ta ruwaito a 2022 cewa masana'antar Polar da ke Chicago na biyan Formic kimanin dala 8 a awa kan na'ura ɗaya, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashi a birnin dala 15 ne. Masana'anta ce ba rumbu ba, amma lissafin ɗaya ne.

A watan Yunin 2024 kuma GXO ya ƙulla yarjejeniyar haya ta shekaru da Agility Robotics. Na'urarsu mai ƙafa biyu, Digit, tana ɗaukar kwandunan kaya ta ɗora a kan bel a rumbun Spanx da ke jihar Georgia.

Kamfanonin na cewa giɓin ƙarancin ma'aikata kawai suke cikewa, kuma da ƙamshin gaskiya, domin aikin rumbu na da gajiyarwa, mutane ba sa daɗewa a cikinsa. Sai dai a ganina wanda zai fara ji a jikinsa shi ne ma'aikacin wucin gadi da ake ɗauka a ƙarshen shekara. Ba wanda zai ba shi takardar sallama. Kiran da ya saba samu a watan Oktoba ne kawai ba zai zo ba.